Baba Mita da Shuɗiyar Regileta

Tela ne ya raɗa masa Baba Mita, shi kuwa Tela in bakinsa ya liƙa wa mutum suna, ko da sabulu ba ya fita. Kafin nan Mai Rediyo ake ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa kaf a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda in ya miƙa hannun dama ya taɓa bango, in ya miƙa na hagu ya taɓa ɗayan. A nan ya gyara rediyo da rikoda da talabijin mai ƙeya, a nan ya ci da iyali har ya yi furfura. Sai zamani ya juya masa baya. Mutane suka daina kawo gyara, abu in ya lalace sai a wurga shi a shara a sayo sabo. Ya yi ta buɗe shago da safe yana rufewa da yamma ba wanda ya leƙo, har ranar da ya ga wahalar da kwaɗo kawai yake yi. Ya kwashe kayan aikinsa a kwali ya hau da su gida.

Gidan ɗaki biyu ne a hawa na uku. Uwar 'ya'yansa ta rasu a shekarar da ya rufe shagon, Allah ya jiƙanta, mace mai surutu wadda ba ta taɓa barin shiru ya wuni a gidanta ba. Babban ɗansa yana can wata ƙasa yana aiki, sai dai a ga hotonsa a waya. Auta ta yi aure a gari mai nisa. Tana kira kam, ba a ƙi ta Allah ba, amma kiran mai 'ya'ya ne, rabin maganar da shi, rabi da yaran da take tsawata wa. Sai ya zama yakan wuni bai ce uffan ba. Wani lokaci in maƙwabci ya gaishe shi a matakala, sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin amsar ta fito. Kaɗaici ya ishe shi, ga shi ba mai faɗin damuwarsa ba ne.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga rawar hannu. Ta fara da ɗan yatsa, ta ci gaba har in ya ɗauki kofin shayi sai ya sa hannu biyu. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce kuma ya riƙa tafiyar ƙasa. To, tafiyar ƙasan nan ce ta kai shi wurin su Tela.

Wata Asabar da yamma ya bi ta bayan wata masana'anta da ta daɗe da rufewa. Akwai tsohon filin ajiye motoci a nan, siminti ne shimfiɗe, ciyawa ta fito a tsagoginsa. Tun daga nesa ya ji ƙugi kamar an taɓo gidan rina. Da ya leƙa ta katangar waya, me zai gani? Manyan mutane, masu gemu da tumbi, kowa riƙe da rimot, sun zuba wa wasu 'yan motoci ido, motocin kuma sai zarya suke a kan simintin. Kowace ba ta fi takalmin ƙato ba. Ya ce a ransa, ikon Allah, duniya ta zo ƙarshe, iyaye sun ƙwace wasan 'ya'yansu. Amma bai wuce ba.

Yana tsaye sai wata jar mota ta ƙi jin mai ita. Mutumin yana murɗa rimot, yana rantse-rantse, ita kuwa ta miƙe abinta ta gwabza wa bango. Mai ita, wani siriri da abin awo rataye a wuya kamar an haife shi da shi, ya rugo ya ɗauke ta yana salati. Iska ta kawo wa tsohon wani ƙauri da hancinsa ya sani fiye da ƙanshin turare.

"Regileta ce ta ƙone," ya faɗa ta bayan katanga.

Siririn ya ɗago ya dube shi. "Baba, daga nan ka gano?"

"Ai ta yi magana. Ba ka ji ƙaurinta ba?"

Wannan siririn shi ne Tela. Shi ya zagaya ya shigo da shi filin, ya ba shi wuri a kan bencin da suke zama a gindin wata bishiya.

Ita regileta wata 'yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana ba, da jar waya da baƙa a kowane gefe. Wutar batirin motar ta yi wa kunnen motar yawa, wato ɗan abin da ke jin umarnin rimot, ta kuma yi wa injin sitiyari yawa. Regileta ce ke tsayawa a tsakani, ta karɓi wutar da ƙarfinta, ta rage ta, ta miƙa musu daidai cikinsu. In ta gaji ta ɗauke, mota sai ta kurumce ta tafi inda ta ga dama. In kuwa ta yi muguwar mutuwa, sai ta saki wutar gaba ɗaya ta ƙone duk abin da ke gabanta. Masu kyau suna da tsada, su kuwa mutanen nan magidanta ne, kowa da bakunan da ke jiransa a gida. Don haka masu araha suke odarsu ta waya, su iso a ambulan daga inda Allah kaɗai ya sani. Araha kuwa ba ta ado. Wata ta yi wata biyu lafiya, wata ko fili ba ta zagaya ba ta yi hayaƙi, kuma duk kamarsu ɗaya a ido.

Ranar sun miƙa masa rimot don girmamawa. Ya karɓa, hannun ya yi halinsa, motar ta yi ta rawa a tsakiyar fili kamar ta sha wani abu. Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya mayar wa mai ita abinsa. Bai sake taɓa rimot ba. Amma da za a tashi sai ya ce, "Ku ba ni sababbin nan da ba ku ɗaura ba tukuna. Sai an gwada akan san na ƙwarai." Asabar ta gaba ya zo da tsohuwar mitarsa ta awon wuta mai allura a jaka, Tela ya gan ta, suna ya samu.

Daga nan mako ya sami fasali. Ya share teburin cin abinci, wanda dama ba mai ci a kansa, ya mai da shi wurin aiki. Ya ajiye guntun katako da yake dogara tsintsiyar hannu a kai in zai narka dalma, ya ɗebo abin maƙale shanya na marigayiya yana riƙe wayoyi da su. Kowace regileta sai ta bi layi. Da fari ya haɗa ta da batir ya ga ko allurar mita za ta tsaya a kan biyar, wato daidai wutar da ake so. Sannan ya riƙa jona mata ƙwayayen fitila ɗaya bayan ɗaya, yana ƙara mata kaya. Sannan ya haɗa ta da injin sitiyari, ya danne tayar da injin ke juyawa da hannu har ya fara nishi, idonsa a kan allura ko za ta sunkuya. Wadda ta tsallake wannan sai ya jefa ta a gwangwanin madara, ya rufe, ya ajiye a bakin taga cikin rana tana aiki, don ya ce a cikin mota ba fanka. Zafi kuwa ba da yatsa yake ji ba, yatsun sun yi kanta, sai ya kara ta a leɓensa na sama. Gwajin girgiza shi ne mai sauƙi. Yakan ce wannan Allah ya hutar da shi sayen inji, riƙe ta kawai yake yi a tafin hannu.

Wadda ta ci jarrabawa sai ya ɗiga mata jan farcen da Auta ta manta a ɗaki. Yana aikin yana yi musu magana. "Ke kuma fa? Daga ƙwai biyu har kin fara zufa? Raguwa." In wata ta yi hayaƙi sai ya ce, "Allah ya jiƙan rai, gara a nan da a cikin motar mutane."

Ranar Asabar kuwa sarki ne. Da zarar ya ɓullo ta kusurwar katanga Tela zai ɗaga murya, "Ga alƙali nan! Baba Mita, wa aka ɗaure, wa aka saka?" Sai a ajiye rimot a kewaye shi. Ya zazzage jaka a kan benci, ya ba da labarin kowace ɗaya, yadda ta yi ta maza da inda ta ba da kai. Direba, wani mai jiki da ke tuƙa babbar mota duk mako ya zo ya huta da ƙarama, shi ne mai gardama, kullum cewa yake tasa aka zalunta. A yi ta musu, a sha shayi daga fulas, a cika masa jaka da sababbin ambulan. Yakan koma gida maƙogwaronsa a bushe don magana, ransa fari tas.

Ya san abin da ya sani, ba ya yaudarar kansa. Mutanen nan 'ya'yan cikinsa ne a shekaru, suna da hirarsu, suna da wasansu, shi kuma ba ya iya tuƙi. Ambulan ɗin nan ne suka ba shi wurin zama a kan bencin. In babu abin gwadawa, me zai kai tsoho mai rawar hannu cikinsu?

Ana nan sai Direba ya zo da wata sabuwa. Shuɗiya ce, ƙarama, ko suna babu a jikinta, kuma ta fi duk sauran araha. Ya zuba masa guda-guda har cikin tafi. "Baba, ga wasu 'yan banza nan. Na san ba za su kai Talata ba, amma ka duba mana."

Ya duba. Allura ta hau kan biyar ta zauna daram. Ya jona ƙwai, ya ƙara, ya ƙara, ko gezau. Ya danne taya har injin sitiyari ya yi kuka, allurar ba ta ko ƙifta ba. Ya rufe ta a gwangwani ta sha rana, ya fito da ita ya kara a leɓe, ɗumi kawai kamar goshin jariri. Ya ce sa'a ce, ya ɗauki ta biyu. Haka. Ta uku ma haka. Duk abin da ke cikin ambulan ɗin ya ci jarrabawa, abin da bai taɓa gani ba tun da ya fara. Da fari daɗi ya ji, irin daɗin da mai sana'a ke ji in ya ga aikin kirki, har ya ce, "Kai, wanda ya haɗa ki ya san abin da yake yi." Sai da ya ɗauko jan farce zai ɗiga musu, sannan ya tuna: in ba mai lalacewa, me za a kawo masa ya gwada?

Asabar ɗin ya ce musu bai gama ba, a ƙaro wasu daga wani mai sayarwa daban. Aka ƙaro. Su ma suka tsaya ƙyam. Ya ƙara musu kaya fiye da abin da mota za ta taɓa nema. Ya naɗe gwangwanin da baƙin ƙyalle don ya ƙara zafi. Ya jefar da ɗaya daga kan tebur, ya ɗauka ya jona, ta ci gaba da aikinta kamar ba ita ba. Wallahi har haushinta ya fara ji.

Yana cikin haka Auta ta kira.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci, uwata."

"Me kake yi na ji ka shiru-shiru?"

"Laifin wani abu nake nema, ya ƙi yin laifi."

"To ai sai ka gode wa Allah, Baba. Kai! Sauko daga kan tebur ɗin nan kafin in zo! Baba, bari zan sake kira."

Ta kashe. Ya ajiye wayar. Sannan ya jawo shuɗiya ɗaya, ya ɗauki jar waya ya sa a wurin baƙa, baƙa a wurin ja, abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba, ya jona batir. Ta yi ɗan ƙara, hayaƙi siriri ya tashi. Ya zauna yana shaƙar ƙaurin. Tun da ya fara riƙe ƙarfen dalma bai taɓa kashe abu mai lafiya da gangan ba, sai yau, da furfurarsa. Kunya ta rufe shi, ga shi ba kowa a ɗakin. Duk da haka da Asabar ta zo, ya ɗauki ƙonanniyar ya sa a aljihu.

Hanya duk yana tsara maganar. Ba sai ya yi doguwar ƙarya ba. Zai ajiye ta a kan benci kawai ya ce, kun gani, su ma akwai ɓatattu a cikinsu, a ci gaba da kawowa ina tacewa. Wa zai musa masa?

"Ga alƙali nan!" in ji Tela. Aka kewaye shi kamar kullum. Direba ya matso yana murza hannu. "To Baba, shuɗayen nan fa? Makonni ke nan kana ja mana rai."

Hannunsa na cikin aljihu, yana jin ƙonanniyar tana karkarwa tare da yatsunsa. Kafin ya buɗe baki Tela ya dafa Direba ya ce, "Kai dai ka cika gaggawa. Ni fa in Baba ya ɗiga wa dutse jan farce, ɗaurawa zan yi a motata ban duba ba. Mutumin nan bai taɓa ce mana fari ya zama baƙi ba."

Shi ke nan, Tela ya gama da shi bai sani ba. Ya zaro hannun ba komai a ciki. Ya yi gyaran murya.

"Ku saye ta," ya ce. "Na yi mata duk abin da na iya, ta fi ƙarfina. Wannan ba ta bukatar gwaji. Daga ambulan sai mota."

Wuri ya kaure da murna. Direba har da rawa, yana cewa ai shi ya gano ta. Tela ya kama hannun tsohon da hannu biyu yana girgizawa. "Allah ya saka da alheri, Baba, ka hutar da mu, kai ma ka huta." Ya amsa da amin. Ranar ya koma gida da jaka ba nauyi, a hanya ya jefa ƙonanniyar a kwandon shara.

Ba wanda ya kore shi, kada a ɗauki alhakinsu. Mutanen kirki ne. In ya zo za a gaishe shi, a matsa masa a benci, a zuba masa shayi. Sai dai gaisuwar ta gajarce, mai gaishe shi idonsa na kan mota. Ba a ajiye rimot saboda shi. Hirar ta koma ta taya da giya da wa ya wuce wa, abubuwan da ba shi da ta cewa a ciki. A gida kuma tebur ya zauna a share, mita a cikin jaka. Yakan zauna a gabansa bayan ya karya, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa, sai ya tashi ya tsaya a taga yana kallon masu wucewa.

Wata Asabar ya ƙi zuwa, don ya gani. Ya ajiye waya kusa da shi har rana ta faɗi. Ba ta yi ƙara ba. Da ya je ta gaba, yana zaune sai Direba ya ba da labarin wani tsere da aka yi, ya juyo ya ce, "Ko ba haka aka yi ba, Baba? Ai kana nan." Ya ce ba ya nan. Direba ya ce, "Af! Ba ka zo ba ne?" Ba da mugunta ya faɗa ba, wannan ne ma ya fi ciwo.

Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofi, ya miƙe a hankali. A ransa ya gama sallama da wurin. Bai so ya ratsa ta gabansu a tambaye shi ina zuwa, sai ya bi gefen fili zuwa can ƙarshe, inda katangar ta yage ana fita.

To ashe tun da motoci suka daina kurumcewa, mutanen sun sami ƙarfin zuciya. Da a kusa da bishiya suke ɗan zagayensu, kowa na tsoron tasa ta ƙwace. Yanzu sun faɗaɗa hanya har ƙarshen fili, suna sako gudu iya gudu, a can kuwa akwai wata muguwar kwana inda siminti ya ɗan tashi. Yana isowa wurin jar motar Tela ta shigo a guje, ta taka tudun, ta wuntsila, ta faɗi a gabansa tayoyi sama suna ta juyi.

"Baba Mita!" Muryar Tela ce daga nesa, da dukkan ƙarfinsa. "Baba Mita, don Allah tashe ta! Za su wuce ni!"

Ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kama ta da hannu biyu ya kifa ta a kan tayoyinta. Wannan aikin bai damu da rawar hannu ba. Ta fizga ta tafi. "Allah ya ja kwana, Baba!" Bai kai ga miƙewa sosai ba ta Direba ta zo ta yi irin ta 'yar'uwarta, Direba kuwa da tumbinsa ko an biya shi ba zai taho nan da gudu ba. Shi ma ya ƙwala kira.

Bai fita ta yagaggiyar katangar ba ranar. Asabar ta gaba ma da ya zo, ya gaisa da su a tsaye, ya wuce kai tsaye zuwa kwanar, ya jawo wani bulo ya zauna. Ba inuwa a wurin, ba shayi, hirarsu ma ba ta isowa, sai dai ya hango bakunansu suna motsi in an yi dariya. Tela ya yi masa magana ya dawo inuwa, ya ce a'a, likita ya ce rana na da amfani.

Yana can har yanzu, duk Asabar, shi kaɗai a ƙarshen fili, hannuwansa a kan gwiwa. In mota ta taho yakan ɗan karkato gaba. In ta sha kwanar lafiya ta wuce, sai ya koma ya zauna. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah kada abin mutane ya lalace a hannunsa, yau ga shi yana kallon 'yar mota tana tahowa, yana cewa a ransa, Allah ka yafe mini, ka sa wannan ta kife.